Taurari da Maki a Gidajen Kula da Tsofaffi: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda lalura ta kai shi ga nema wa mahaifi ko mahaifiya gidan kulawa ya san nauyin da ke sauka a zuciya. Sau da yawa ma a gurguje ake yanke shawarar. Asibiti sun ce za su sallami tsohuwa nan da kwana uku, ga shi ba ta iya miƙewa da kanta, sai a miƙo wa iyali jerin sunayen gidaje, kowanne da taurari ko maki a gabansa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda iyalai da sababbin ma'aikatan kulawa suka fi maimaitawa. Misalan daga Amurka, Ingila, Jamus da Ostireliya suke, domin tsarinsu a buɗe yake, kowa na iya shiga intanet ya duba.

Mene ne bambancin gidan jinyar tsofaffi da gidan zama da tallafi?

Gidan jinya na wanda jikinsa ke buƙatar nas dare da rana ne: mai shanyewar ɓarin jiki, mai gyambon da ake wankewa kullum, wanda ake ciyarwa ta roba, ko wanda gigin tsufa ya yi wa nisa. Wasu na zuwa na ɗan lokaci don su murmure bayan tiyata, wasu kuma nan ne gidansu na ƙarshe. Gidan zama da tallafi kuwa na wanda har yanzu yana da sauran ƙarfi ne, yana da ɗakinsa, sai dai ana taimaka masa da wanka, sa tufafi, abinci da tunin shan magani.

Wannan bambanci ya shafi awon inganci kai tsaye, domin a Amurka dokar da ke kan ɗaya ba ita ke kan ɗayan ba. An yi bayanin haka a amsar da ta shafi rashin taurari a gidajen tallafi.

Wa ke auna ingancin gidajen nan, kuma tun yaushe?

A Amurka tushen abin shi ne dokar gyaran gidajen jinya ta 1987, wadda ta biyo bayan wani rahoto na 1986 da ya fallasa sakaci da cin zarafi a gidaje da yawa. Hukumar CMS, mai kula da shirye-shiryen inshorar lafiya na gwamnati, wato Medicare da Medicaid, ita ke shimfiɗa ƙa'ida, jami'an jihohi kuma su shiga gidajen su yi bincike. An buɗe shafin kwatanta gidaje a 1998, aka ƙara masa tsarin taurari biyar a Disamban 2008, yau kuma bayanan suna kan shafin Care Compare. Gidajen jinya kusan 15,000 ne a ciki.

A Ingila hukumar sa ido kan ingancin kulawa ce, wato CQC, wadda ta fara aiki a 2009. Tun 2014 take ba gidaje ɗaya daga cikin matsayi huɗu: fitacce, mai kyau, mai buƙatar gyara, da wanda ya gaza. Tun 2015 doka ta wajabta wa kowane gida ya liƙa matsayinsa inda baƙo zai gani, ya kuma sa a shafinsa na intanet. Ostireliya ta shigo sahu a Disamban 2022 da nata taurarin, bayan wani babban kwamitin bincike da ya zauna daga 2018 zuwa 2021 ya saurari iyalai da ma'aikata kan halin da tsofaffi ke ciki.

Me ake aunawa a zahiri? Ai kulawa ba abin ɗorawa a sikeli ba ce.

Gaskiya ne, shi ya sa ake bi ta hanya uku. Wani likita masanin lafiyar al'umma, Avedis Donabedian, ya fayyace su tun 1966, har yau kuma a kansu ake tafiya. Ta farko ita ce abin da gida ya mallaka: ma'aikata nawa, wane horo suka samu, yaya ginin yake. Ta biyu abin da ake yi: ana juya mara lafiya a kan gado, ana ba da magani a kan lokaci, ana yin rigakafi. Ta uku abin da ya samu mutumin a ƙarshe: ya faɗi ya karye, ya rame, fitsarinsa ya kamu da cuta, an mayar da shi asibiti, ko kuwa ya warke ya koma gida.

Gyambon kwanciya shi ne misalin da ya fi nuna yadda ukun suke haɗe. Yana farawa ne da ɗan ja a ƙugu ko a diddige, wurin da idan aka danna da yatsa ba ya yin fari. Idan akwai mai lura, za ta juya tsohon, ta sa matashi, ta tabbatar fatar a bushe take, cikin kwanaki wurin ya koma daidai. Idan mace ɗaya ce ke fama da mutum ashirin a aikin dare, ba wanda zai ɗaga zanen ya duba, kafin a ankara wurin ya buɗe, wani lokaci har ƙashi. Lambar da za ku gani a shafi, wai kashi kaza cikin 100 na da gyambo, labarin irin waɗannan darare ne aka dunƙule.

Yaya ake lissafa taurari biyar na Amurka?

Taurarin da kuke gani a sama haɗin abubuwa uku ne, kowanne da nasa taurarin: binciken jami'ai, yawan ma'aikata, da alƙaluman lafiyar mazauna. Ana farawa da taurarin bincike. Idan ɓangaren ma'aikata ya samu 5 a ƙara tauraro ɗaya, idan ya samu 1 a rage ɗaya. Haka ake yi da ɓangaren alƙaluman lafiya. Gidan da bincikensa ya tsaya a tauraro 1 ba a ɗaga shi fiye da mataki ɗaya, komai kyan sauran.

Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. Taurarin bincike gasa ce tsakanin gidajen jiha ɗaya: kashi 10 cikin 100 na sama su ke samun 5, kashi 20 na ƙasa su samu 1, sauran kashi 70 a raba su uku. Saboda haka taurari 4 a wata jiha ba lalle su yi daidai da 4 a wata ba. Kada ku tsaya a jimillar, ku buɗe ku ga ukun daban-daban. Gida mai 4 a jimilla wanda bincikensa 3 ne, alƙaluman lafiya suka ɗaga shi, ya cancanci a sake dubawa, dalilin kuwa yana cikin amsa ta gaba.

Alƙaluman nan daga ina suke fitowa? Za a iya yarda da su?

A ganina babu tambayar da ta kai wannan muhimmanci a duk shafin. Kafin ku yarda da kowace lamba, ku tambayi wa ya ƙirga ta. Akwai wadda jami'in bincike ya gani da idonsa. Akwai wadda ta fito daga takardun biyan albashi ko daga takardun kuɗin asibiti, waɗanda ke da wuyar murɗawa. Akwai kuma wadda gidan da kansa ya rubuta ya aika, kuma mafi yawan alƙaluman lafiya a Amurka irin wannan ne. Ma'aikatan gidan ke cike wani dogon fom da ake kira MDS a kan kowane mazaunin, lokacin shigarsa da kuma duk bayan wata uku. Ɗalibi ne ke ba kansa maki a jarrabawarsa.

Ba cewa ake kowa na ƙarya ba. Akwai nas-nas masu amana da ke rubuta abin da suka gani ko da zai rage wa gidansu daraja. Amma an gwada an gani. Masu bincike a Jami'ar Chicago sun kwatanta bayanan asibiti da rahoton gidajen, a 2020 suka wallafa cewa fiye da 4 cikin kowace faɗuwa 10 da ta jawo mummunan rauni ba su shiga rahoton gidajen ba. Mutum ya karye a ƙugu, an kwantar da shi asibiti, takardar gidan kuma shiru.

Haka aka yi da yawan ma'aikata. Shekara da shekaru gidaje ke faɗin adadinsu da bakinsu, na makonni biyu kafin bincike. Da aka koma amfani da takardun albashi a 2018, sai ta bayyana cewa mafi yawan gidaje ba su kai abin da suke faɗa ba, kuma Asabar da Lahadi hannu ya fi ƙaranci. Don haka ku fi ba da nauyi ga abin da wani daga waje ya tabbatar.

Me ya sa ake ta nanata batun ma'aikata?

Domin kusan duk abin da ke lalacewa a gidan kulawa, idan aka bi diddigi, a nan yake komawa. Ana auna shi da awa nawa na aiki ke faɗawa kan kowane mazaunin a yini. Wani nazari da gwamnatin Amurka ta sa aka yi a 2001 ya nuna cewa ƙasa da awa 4.1 a yini kulawa na fara samun tangarɗa, gidaje da yawa kuma har yau ba su kai nan ba. Ostireliya ta mayar da abin wajibi: matsakaicin minti 200 a yini daga Oktoban 2023, ya koma 215 daga Oktoban 2024, ciki har da minti 44 na cikakkiyar nas.

Tun 2022 shafin Amurka na nuna ƙarin abu biyu da nake roƙon kowa ya duba: yawan ma'aikata a ƙarshen mako, da yawan masu barin aiki a shekara. A gida matsakaici kusan rabin ma'aikatan jinya ke tafiya cikin shekara guda. Ku yi tunanin abin da wannan ke nufi ga tsohuwar da ba ta iya magana sosai. Mai kula da ita ta wata shida ta san cewa idan ta fara murza gefen zane to ciwo take ji, ta san sai an ɗan jira ta kafin ta haɗiye. Sabuwar da ta zo jiya ba ta san ko ɗaya ba, ba kuma laifinta ba ne. Gidan da ke riƙe ma'aikatansa yana riƙe irin wannan sani, wanda ba ya cikin kowane fayil.

Gidan da ke karɓar masu ciwo mai tsanani, ba za a zalunce shi a lissafi ba?

Za a iya, shi ya sa ake daidaita wasu alƙaluman da nauyin ciwon mazauna, a kwatanta abin da ya faru da abin da ake tsammani ga irin waɗannan marasa lafiya. Daidaitawar ba ta cika ba, kuma tana dogara ne da fom ɗin da gidan ya cike. A ƙaramin gida ma mutum biyu kacal na iya jujjuya kason. Idan kuka ga lamba mara kyau, ku tambayi shugaban gidan dalili, ku kuma lura ko ya san da ita tun kafin ku faɗa.

Na ga ana nuna yawan masu shan maganin taɓin hankali. Me ya haɗa wannan da inganci?

Mai gigin tsufa kan yi ihu, ya yi ta yawo, ko ya ƙi wanka. Hanya mai wuya ita ce a nemo dalili, ko ciwo ne, ko tsoro, ko ƙishirwa. Hanya mai sauƙi ita ce a ba shi maganin da zai kwantar da shi ya wuni yana gyangyaɗi a kujera. Hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi tun 2005 cewa irin waɗannan magunguna na ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu wannan lalura, a 2012 kuma aka ƙaddamar da gangamin rage su a gidajen jinya. Lambar ta sauka sosai.

Sai dai lissafin ba ya ƙirga masu cutar sikizofiriniya, wata cutar taɓin hankali mai tsanani, tunda su maganin haƙƙinsu ne. Nan aka samu kafa. Sai ga tsofaffi masu shekara tamanin, waɗanda ba su taɓa ciwon ba a rayuwarsu, an rubuta musu shi a fayil, alhali cuta ce da galibi ke bayyana tun ƙuruciya. Jaridar New York Times ta tona wannan a 2021, a Janairun 2023 kuma CMS ta fara bin fayilolin tana rage taurarin gidajen da aka kama. Idan aka fara wa naku sabon magani, ku tambayi sunansa, dalilinsa, da ranar da za a sake duba ko a tsayar.

Ana tambayar tsofaffin su kansu yadda suke ji?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma taurarin Amurka na tarayya ba su da ɓangaren ra'ayin mazauna ko na iyalansu. Wasu jihohi, irin su Minesota da Ohayo, suna yin nasu tambayoyin. Ostireliya ta fi kowa ba shi nauyi: ra'ayin mazauna ke da kashi 33 cikin 100 na taurarin, bin ƙa'ida 30, ma'aikata 22, alƙaluman lafiya 15. Mutane daga waje ke zuwa su zauna da tsofaffin su yi musu tambayoyi 12 masu sauƙi, irin su ko suna jin daɗin abincin, ko hankalinsu a kwance yake, ko ana girmama su. Wannan ma yana da rauninsa, domin wanda rayuwarsa ke hannun masu kula da shi yakan yi kara, mai gigin tsufa mai nisa kuma ba ya iya amsawa. Duk da haka gara a tambaya.

Me ya sa ban ga taurari ga gidajen zama da tallafi a Amurka ba?

Domin gwamnatin tarayya ba ta kula da su kai tsaye. Kowace jiha da dokarta, da sunan da take kiransu, da tazarar bincikenta. Wasu na sa rahoto a intanet, wasu sai an nema a rubuce. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar Amurka ya bayyana a 2018 cewa jihohi 26 ba su iya faɗin adadin munanan abubuwan da suka faru da masu Medicaid a irin waɗannan gidaje ba. Abin damuwar shi ne mazaunan yanzu sun fi na da rauni, da yawansu na da gigin tsufa.

Taurarin da za ku gani a shafukan talla na masu haɗa iyalai da gidaje ba na hukuma ba ne, kuma da yawa daga shafukan gidajen ne ke biyansu idan an samu sabon mazauni. Ku nemi lasisi da rahoton bincike daga hukumar jihar. A Ingila babu wannan giɓi sosai, CQC na duba gidajen kulawa masu nas da marasa nas da ma'auni ɗaya.

Wallafa sakamakon yana gyara gidajen kuwa?

Yana gyara abin da ake aunawa, wani lokaci da gaske, wani lokaci a takarda kawai. Ɗaure tsofaffi a gado ko kujera, wanda ya zama ruwan dare a Amurka kafin dokar 1987, yau ya kusa ɓacewa, wannan nasara ce ta haƙiƙa. Jamus kuwa ta ga ɗaya fuskar. Daga 2009 ta riƙa ba gidaje maki irin na makaranta, daga 1 zuwa 5, ba a jima ba kusan kowane gida ya zama mai makin ƙoli, domin kyan rubutun fayil na iya rufe gazawa a kula da gyambo. Makin ya daina bambance komai, a ƙarshen 2019 aka sauya tsarin gaba ɗaya.

Mai auna ma sai an auna shi. Wani bita da gwamnatin Birtaniya ta sa aka yi wa CQC a 2024 ya gano cewa bincike ya ragu ƙwarai, wasu wuraren na ɗauke da matsayin da aka ba su shekaru da dama baya. Duk matsayin da kuka gani, ku duba kwanan watansa, ku kuma tambaya ko gidan ya sauya mai shi ko shugaba tun lokacin.

Yaya zan karanta rahoton bincike?

A Amurka jami'ai na zuwa ba sanarwa, doka kuma ta ce tazarar kada ta wuce wata 15, ko da yake ana samun jinkiri. Kowane laifi na samun harafi daga A zuwa L, bisa munin cutarwar da yawan waɗanda ta shafa. Daga G zuwa sama an cutar da wani da gaske, J, K da L kuma rai na cikin haɗari nan take. Laifi goma ƙanana a kan takardu ba su kai G ɗaya ba. Ku nemi abin da ke maimaituwa shekara bayan shekara, don shi ke nuna hali. Idan kuka ga alamar jan hannu kusa da sunan gida, wadda aka fara sawa a 2019, an same shi da cin zarafi ko sakaci kwanan nan. Dole ne gida ya ajiye rahotonsa na ƙarshe inda kowa zai iya karantawa, kada ku ji nauyin tambaya.

Idan taurarin sun yi kyau, sai na je da kaina?

Ƙwarai kuwa, gani ya kori ji. Ku je sau biyu, ɗaya da alƙawari, ɗaya ba sanarwa, da yamma ko a ƙarshen mako, lokacin cin abinci. Na taɓa zama a barandar wani gida mai taurari masu kyau wata Lahadi da yamma. Fitilar kira ta wani ɗaki ta kama, ina kallon agogo, sai da aka yi minti ashirin da biyar kafin wata matashiya ta fito da gudu daga wani ɗakin, safar hannu na hannunta, tana ba da haƙuri tun daga nesa. Ita kaɗai ce a ɓangaren. A ɗakin cin abinci kuma ga faranti a gaban wani dattijo, an yanka masa komai, amma ya huce ba wanda ya zauna ya ba shi.

Ku lura da wari, da farce da gashin mazauna, da ko ruwan sha na inda hannu zai kai. Ku saurari yadda ake kiransu, da suna ko da lambar ɗaki. Ku tambayi mai kulawa, ba manaja ba, mutum nawa ke hannunta yau da kuma tun yaushe take aiki a nan.

Na ga abin da bai dace ba. Ina zan kai ƙorafi, kuma zai shiga lissafi?

Ku fara da babbar nas ko shugaban gidan, a rubuce, da kwanan wata da lokaci da abin da kuka gani. Idan ba a gyara ba, a Amurka kowace jiha na da hukumar bincike mai karɓar ƙorafi, ana iya ɓoye suna, laifin da aka tabbatar ta wannan hanya kuma yana shiga taurarin bincike. Akwai kuma ofishin mai kare haƙƙin mazauna gidajen kulawa a kowace jiha, aikinsa kyauta ne, yana kuma shiga gidajen tallafi. A Ingila CQC na karɓar bayani tana amfani da shi wajen yanke inda za ta je bincike, amma ba ta warware ƙorafin mutum ɗaya, wannan aikin mai sauraron koke-koken ƙananan hukumomi da kulawar jama'a ne. Doka ta hana a muzguna wa mazauni saboda shi ko danginsa sun yi ƙorafi. Idan kuwa duka ne, ko lalata, ko raunin da aka kasa bayyana dalilinsa, a kira 'yan sanda da hukumar kare manya masu rauni a ranar, kada a jira taron mako mai zuwa.